Ganin gida a tsakiyar damina: abin da iyalan da ke ƙetare ke tararwa a Salaga, Yendi da Bawku

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Satumba, wanda ya tsaya a bakin ƙofar filin jirgin saman Tamale ba zai sha wahalar gane su ba. Akwatuna ne jibga-jibga an naɗe su da leda, maigida yana waya da Hausa yana tambayar ƙaninsa ko mota ta iso, uwargida tana ƙirga yara da jakunkuna, yaran kuwa suna ta surutunsu da Turanci ko Jamusanci ko Italiyanci. Daga nan hanya ke rabuwa. Wasu su nufi Salaga, wasu su yi gabas zuwa Yendi, wasu kuma su miƙa arewa ta Bolgatanga zuwa Bawku.

A Ghana ana kiran irin waɗannan mutane "boga". Kalmar ta samo asali ne daga sunan birnin Hamburg na Jamus, inda 'yan Ghana suka taru da yawa a shekarun 1970 da 1980. Yanzu kuwa ko daga unguwar Bronx ta New York mutum ya fito, ko daga Landan, Amsterdam, Brescia ko Modena, sunansa boga. Cikinsu akwai 'ya'yan Zango masu yawa. A Bronx ma har ƙungiya da masallaci suke da su da sunan Yankasa, wato 'yan ƙasa, sunan da Musulmin da aka haifa a Zango ke kiran kansu da shi.

Mutanen gida kan ce baƙin sun zo hutu. Wanda ya taɓa yin wannan tafiya ya san hutun da ke cikinta kaɗan ne. Mako huɗu ne zuwa shida da ake biyan bashin shekaru a cikinsu: ta'aziyyar da aka yi ta waya, sunan jaririn da ba a halarta ba, ginin da ake ta aika masa kuɗi ba a taɓa ganinsa da ido ba. Sama da duka, zuwa ake yi a nuna wa dangi yaran da aka haifa a waje, a nuna wa yaran dangi, tun kakanni suna da rai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta goge wannan magana ba.

Makarantar yara ce ke zaɓar lokacin

Ba don daɗin yanayi ake zuwa a waɗannan watanni ba. Babban hutun makarantu ne a ƙasashen da iyalan ke zaune: kimanin mako shida a Ingila da Jamus, watannin Yuli da Agusta a Faransa da New York, kusan wata uku a Italiya. A Jamus da Ingila ana iya cin tarar iyaye idan suka cire yaro daga makaranta ba lokacin hutu ba, saboda haka babu wani zaɓi. Kamfanonin jiragen sama sun san haka, shi ya sa tikiti ke yin tsada daidai wannan lokaci.

Abin da Turai ke kira bazara, a arewacin Ghana tsakiyar damina ce. Ruwa yakan fara wajen watan Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ɗauke a Oktoba. Dangin da aka zo gani suna gona, rumbunan bara sun kusa ƙarewa, sabon hatsi bai gama isowa ba. A wajen Bawku sai geron farko ya nuna a Yuli ko Agusta sannan gidaje da yawa ke samun sauƙi, a wajen Salaga kuma lokacin ne sabuwar doya ke fara shiga kasuwa. Baƙon da ya sauka da mutum biyar ko shida a irin wannan lokaci, ya kamata ya gane cewa zabuwar da aka yanka masa ba daga cikin yalwa aka cire ta ba.

Akwai kuma wani sauyi da kalandar Musulunci ke kawowa, tunda tana matsowa gaba da kwana 11 duk shekara. Bikin Damba, wanda Dagomba da Gonja da Mamprusi ke yi a watan Mauludi, ya daɗe yana faɗowa bayan an koma makaranta. A 2025 Mauludi ya zo a farkon Satumba, a 2026 ƙarshen Agusta. Nan da wasu shekaru yaran da ke zuwa hutu za su riƙa tarar da Damba a Yendi, da kiɗan kalangu da hawan doki da rawa a ƙofar fadar Gbewaa, abin da yayyensu sai a bidiyo suka gani.

Gidan da baƙi suka kafa

Idan Bahaushen Salaga da ke Hamburg ya ce wa ɗansa za a je gida, akwai tarihi mai tsawo cikin kalmar. Kakanninsa ma tafiya ce ta kawo su. A ƙarni na 18 da na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gonja, wadda Hausawa ke kira Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga bayan tafiyar watanni. Suna kawo kanwa, rinannun tufafi, fatu da dabbobi, su koma da goron dazukan Ashanti. A wannan kasuwa kuma an sayar da bayi masu yawa, kuma har yau ana nuna wa baƙi rijiyoyin garin da wurin da ake yi wa bayin wanka kafin a kai su kasuwa. Baƙaƙen Amurka na zuwa ganin waɗannan wurare. Yaron Zango da aka haifa a New York, wanda ya karanta tarihin bauta a makaranta, yakan yi tambayoyin da manya ba su saba amsawa ba, kuma gara a ba shi amsa ta gaskiya.

Ƙarfin kasuwar ya fara raguwa bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, sa'annan yaƙin basasar 1892, wanda ya taso daga rikicin sarautar Kpembe da ke gefen garin, ya tarwatsa 'yan kasuwa. Suka watsu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kintampo, Kumasi da Accra, wadda tsofaffin Zango har yau suke kira Ankara. Shahararren malami kuma marubuci Alhaji Umaru, haifaffen Kano, na cikin waɗanda suka bar Salaga suka koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Wannan ne ya sa iyalin da suka zo ganin gida a Salaga ba sa gamawa da Salaga kaɗai. Goggo tana Kumasi, kawu yana Nima a Accra, wani reshen yana Yeji a ƙetaren tafkin Volta, kuma kowa yana lissafin ko an zo masa ko an tsallake shi.

Yendi kuwa garin Ya-Na ne, sarkin Dagbon, kuma Hausawa da sauran 'yan Zango baƙinsa ne tun zamanin ayari. A nan Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, ya ƙare rayuwarsa, kabarinsa yana cikin garin. Bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002, rikicin gidajen Abudu da Andani ya sa mutane da yawa da ke waje suka yi shekaru suna ɗari-ɗari da kawo yara. Naɗin Ya-Na Abukari na biyu a watan Janairun 2019, bayan sasancin da Sarkin Ashanti Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta, ya sake buɗe wannan ƙofa.

Takardu: yaron nan ɗan ina ne?

Tun kafin a sayi tikiti ake cin karo da wannan tambaya. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce wanda aka haifa, a cikin ƙasar ko a waje, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 kuma ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu. Amma haƙƙi daban, takarda a hannu daban. Yaron da fasfon Jamus ko na Amurka kaɗai yake da shi, biza zai nema kamar kowane baƙo, a biya masa kuɗi, a buga masa adadin kwanakin da zai yi a ƙasar kakansa.

Dokar ƙasar da ake zaune ma tana da nata. Amurka, Birtaniya, Faransa da Italiya sun daɗe da yarda da fasfo biyu. Jamus sai ranar 27 ga Yunin 2024 sabuwar dokarta ta fara aiki. Kafin nan 'yan Ghana da yawa sai da suka ajiye zamansu na 'yan Ghana kafin su karɓi fasfon Jamus, kuma waɗannan iyaye baƙi ne a idon doka idan suka sauka Accra. Holan har yanzu tana ƙuntata riƙe fasfo biyu, sai a wasu 'yan yanayi.

Ga ɗan Zango akwai ƙarin nauyi. Koke ne da aka daɗe ana yi cewa mai sunan Hausa ko Fulani ko Zabarma yakan sha tambayoyin da wasu ba sa sha idan ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa: ina aka haifi kakanka, wane ne garinku na asali, wa zai tsaya maka. Tsofaffi ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ba, ta watan Nuwamban 1969, wadda ta raba gidaje da yawa, wasu suka koma Najeriya da Nijar alhali ba su taɓa ganin waɗannan ƙasashe ba. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa kaɗai ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Saboda haka mai hankali yakan yi amfani da wannan ziyara ya tattara abin da zai iya: tsohon fasfon kaka, katin Ghana na iyaye, hoton takardun gida, da sunayen dangin da za su iya shaida. Ranar da tsohuwa ta rasu, akwatinta yakan watse, hujjar jikokinta ta bi ruwa.

Masu zuwa daga maƙwabta nasu da sauƙi. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, ta ba ɗan Togo, Benin, Najeriya ko Kwaddebuwa damar shiga ba biza har kwana 90. Nijar, Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun 'yan waɗannan ƙasashe har sai an yi sabon tsari. Katin allurar shawara kuwa kowa ana tambayarsa. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Sauro bai san ɗan gida ba

Wannan shi ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma shi ne wanda ke iya cin rai. Watannin ziyarar su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a arewacin Ghana, har ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida duk wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya. Likitocin Birtaniya da na sauran ƙasashen Turai sun daɗe suna cewa mafi yawan masu komawa da maleriya ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, masu ziyarar dangi ne a Afirka ta Yamma.

Dalilin a fili yake. Mutum yakan ce a nan aka haife ni, na sha zazzaɓi tun ina yaro, jikina ya saba. Sabon da jiki ke yi ba na dindindin ba ne, yana raguwa idan mutum ya daɗe ba a cije shi ba. Yaron da aka haifa a Modena kuwa ba shi da ko kaɗan, daidai yake da ɗan Baturen da bai taɓa zuwa Afirka ba. Ga shi ba a otal mai na'urar sanyaya ɗaki zai kwana ba, a gidan kaka ne, ana hira a tsakar gida har dare ya raba.

Magungunan kariya sanannu ne, kuma likita ne zai zaɓa bisa shekarun mutum da lafiyarsa. Wanda ake sayarwa da sunan Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har kwana bakwai bayan an koma. Doxycycline sai an yi mako huɗu ana sha bayan komawa, kuma ba a ba ƙananan yara da masu ciki. Mefloquine sau ɗaya ake sha a mako, amma ana fara shi makonni kafin tashi. Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan komawa, idan aka ga an sauka lafiya sai a jefar da sauran ƙwayoyin. Duk zazzaɓin da ya kama mutum cikin makonni ko watannin da suka biyo baya, a gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa an je Ghana, a nemi gwajin jini a ranar. Likitan ƙaramin gari a Jamus ba lalle ne maleriya ta faɗo masa a rai ba. Gidan sauro, ruwan sha mai tsabta, da kulawa ta musamman ga yaro mai sikila, duk suna cikin lissafin.

Hanya, da maganar Bawku

Daga Accra zuwa Tamale tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgi, ko kilomita wajen 600 a bas, yini guda ko dare guda. Yendi na da nisan kilomita wajen 100 daga Tamale, Salaga ta ɗan fi haka. Mai tahowa daga Kumasi na iya biyowa ta Yeji ya hau jirgin fito zuwa Makango, amma wannan hanya tana bukatar haƙuri. A ƙarshen damina kuma akan buɗe madatsar ruwa ta Bagre da ke Burkina Faso, ruwan ya gangaro ta Farin Volta ya cinye gonaki, wani lokaci ya yanke ƙananan hanyoyi a yankin Bawku.

Sai dai ba ruwa ne babbar damuwar mai zuwa Bawku ba. Garin yana kusurwar da Ghana ta haɗu da Burkina Faso da Togo, ta Kulungugu da Pulmakom, kuma kasuwarsa mai ci duk bayan kwana uku ta daɗe tana tara Kusasi, Mamprusi, Bisa, Mossi, Fulani da Hausawa, Hausa ce kuma harshen ciniki. Ta nan motocin albasar Galmi da ke fitowa daga Nijar suka saba shigowa. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya girmi yawancin masu yin sa. Gwamnatoci sun yi ta juya hukunci, a 1958 da 1966 da 1983, kuma wanda gwamnati ta amince da shi a matsayin Bawku Naba shi ne Asigri Abugrago Azoka na biyu, daga ɓangaren Kusasi, abin da Mamprusi ba su yarda da shi ba. Faɗa ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, ya ƙara muni a watan Oktoban 2024. An yi ta sanya dokar hana fita, an hana maza hawa babur a wasu lokuta, an kuma kai wa matafiya hari a babbar hanyar da ta ratsa Walewale.

Hausawan Bawku ba sa neman wannan sarauta, amma harsashi ba ya tambayar ƙabila, kuma unguwar da mutum ya sauka ko shagon da ya yi sayayya na iya sa a lissafa shi a wani ɓangare. Gwamnatin Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta game da zuwa Bawku sai da larura, kuma irin wannan gargaɗi yakan sa inshorar tafiya ta daina aiki a wurin. Shi ya sa wasu iyalai ke kama gida a Bolgatanga ko Tamale ko Kumasi, a ɗauko tsofaffi a kawo su su ga jikoki. Tsohuwa ba za ta ji daɗin haka ba, domin so take a ga jikokinta a ƙofar gidanta. A ganina wanda ya zaɓi haka bai yanke zumunci ba. Wanda kuma ya ce sai ya shiga, to ya bi shawarar waɗanda suka kwana a garin jiya, ya yi tafiyar rana, ya hana yara ɗaukar hoton sojoji ko wallafa inda suke a Facebook da TikTok.

Tsaraba, da ginin da ke cikin hoto

Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Ghana mazauna waje suka aika gida a 2023 da kimanin dala biliyan 4.6. Wani kaso na wannan kuɗi shi ne abincin gidajen Zango, kuɗin makaranta da na asibiti. Wannan ne ya sa ake kallon boga a matsayin wanda ya tara, ko da kuwa tasi yake ja dare da rana a Bronx, ko aikin masana'anta yake yi a Brescia, ya ci bashi ya sayi tikitin mutum shida. Shi ma yana da nasa laifin. Wanda ya yi hayar ƙatuwar mota, ya riƙa rabon kuɗi a gidan biki don a gani, ba shi da bakin kuka idan aka yi masa layi da safe.

Tsaraba tana da tsari. Ta iyaye daban, ta surukai daban, ta limami da Sarkin Zango da malamin da ya koya wa mutum karatu daban. A fada akan ce an kawo goro, ko da takardar kuɗi ce a ambulan. Masu dabara kan damƙa rabon a hannun babbar yaya ko goggo, domin ita ta san wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ke fushi tun zuwan baya. A kuma yi hattara da lissafi. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana, sidi 10,000 na da ya zama sidi ɗaya, amma har yau tsofaffi na ƙirga da tsohon, idan an ce miliyan ɗaya sidi 100 ake nufi. Masu amfani da sefa, da ke ƙirga kuɗi da dala da jaka, sun san irin wannan ruɗani. Farashin da mutum ya sani a zuwansa na baya ma ya manta da shi, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamban 2022.

Babban abin da ke haɗa 'yan'uwa faɗa a wannan ziyara shi ne gini. Shekara biyar ana aika kuɗi ta waya ana karɓar hoto, sai a zo a tarar da bulo ya tsaya a linta. Ba kullum ba ne cin amana. Siminti ya yi tsada, inna ta kwanta asibiti, an aurar da ƙanwa, kuma wanda ke riƙe da kuɗin shi ne ake buga wa ƙofa. Amma akwai abin da ya fi ginin muhimmanci, wato takardar filin. A Dagbon da Gonja sarakuna ne ke ba da fili, kuma takardar da fada ta bayar matakin farko ce kawai, sai an kai ta Hukumar Filaye an yi rajista. Tsarin mulki ya hana ba wanda ba ɗan ƙasa ba hayar fili da ta wuce shekara 50. A nan maganar fasfo ke dawowa: uban da ya ajiye zamansa na ɗan Ghana, da 'ya'yan da ba a taɓa yi musu takarda ba, su ne za su gaji gidan. Idan kuma da sunan ƙani aka rubuta filin don sauƙi, to a gyara tun kowa yana da rai.

Kaka da jika

A ƙarshe dai duk wannan ɗawainiya don wannan zama ake yin ta. An shimfiɗa tabarma, tsohuwa ta jawo yarinya jikinta ta ce, "Kishiyata, sai yau?" Yarinyar ta juya tana kallon uwarta a fassara mata. Wasan kaka da jika, inda kaka ke kiran jikanta miji, jikanyarta kishiya, ba ya fassaruwa zuwa Jamusanci. Idan yaro ba ya jin Hausa, abin da ke rage tsakaninsu murmushi ne da abinci.

Hausar da za su ji ma irin ta Ghana ce, Gananci, wadda sau da yawa ba ta bambanta namiji da mace, ana iya cewa "ya zo" ko da mace ce ta zo, kuma ta ɗebo kalmomi daga Turanci da Twi da Dagbani. Iyalin da suka zo daga Maraɗi ko Katsina kan yi mata dariya, su ma a yi wa tasu dariya. Kowace aka koya wa yaro ta wadatar. Abin da ke kashe masa gwiwa shi ne a tara jama'a ana kwaikwayon yadda ya furta kalma. Yaron da aka yi wa haka sau biyu yakan rufe bakinsa har ya koma, ya shige ɗaki da wayarsa.

Kafin a taso, iyaye na iya koya wa yara abubuwa kaɗan da ke da babban tasiri: a cire takalmi, a durƙusa a gaida manya, a karɓi abu da hannun dama, a san wace ce goggo wace ce inna, wane ne kawu wane ne baffa, kada a kira babba da sunansa. A Yendi su san cewa idan an gaishe su da Dagbani, "naa" ake amsawa. Su kuma mutanen gida su sassauta. Yaron da ya kalli babba cikin ido yana magana ba rashin kunya yake yi ba, haka aka koya masa a makaranta.

Akwai abubuwa biyu da kan ɓata wannan zama, kuma gara a faɗe su. Na farko shi ne maganar aure da ake ɗauko wa budurwar da ta zo hutu, wani lokaci da ɗan'uwan da ake fatan zai samu hanyar fita ta dalilinta. Na biyu shi ne barin yaro a gida ba da saninsa ba, a ce ya yi karatun allo ya koyi tarbiyya, a ɓoye masa fasfo a koma. Akwai yaran da zaman shekara ɗaya ko biyu a Tamale ko Kumasi ya amfane su ƙwarai, amma waɗanda aka yi shawara da su ne. Wanda aka yaudara yakan girma yana ganin Ghana a matsayin kurkuku, ƙannensa kuma su riƙa tsoron duk wata tafiya da aka ce ta ganin gida ce.

Ranar komawa akwatunan da suka zo da atamfa da wayoyi da turare sukan cika da fugu, wato rigar saƙi ta arewa, da man kaɗe, daddawa, garin kuka, kuɓewa busasshiya da yajin tsire. Tsohuwa za ta so ta cusa kilishi da wagashi a gefe. A lallashe ta a cinye su a nan, domin Tarayyar Turai ta hana shigar da nama da kayan madara a jakar matafiyi, a Amurka kuma duk abincin da aka ɗauko sai an bayyana shi ga jami'an kwastan, in ba haka ba a ƙwace a kuma ci tara.